Yadda za ka haɗa wutar sola a gidanka ba tare da an sauke maka ragowar kasuwar duniya ba

Duk wanda ya taɓa yin watan Maris da Afrilu a Garwa, ko Marwa, ko Kusiri, ba ya bukatar a yi masa bayanin rana, domin tun da hantsi kwanon rufi yake fara ƙara, kafin azahar kuwa ƙofar ƙarfe ta daina taɓuwa da hannu. Wannan rana da take gasa mu ita ce dukiyar da duniya take nema ruwa a jallo tun da aka ɗauki aniyar rage ƙona fetur da kwal. Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa kashi 60 cikin ɗari na wuraren da suka fi dacewa da samar da lantarki daga hasken rana a Afirka suke, amma abin da aka kafa a nahiyar bai wuce kashi 1 cikin ɗari na solar duniya ba, kuma har yanzu mutum kusan miliyan 600 a cikinmu ba su da wuta a gida. A Cadi ma, abin bai wuce mutum ɗaya cikin takwas ko goma ba.

A arewacin Kamaru mun daɗe muna dogara da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma kowa yana tuna shekarun da ruwanta ya ja baya aka riƙa raba wuta unguwa-unguwa. Tashoshin sola da kamfanin Scatec na ƙasar Norway ya kafa a Marwa da Gidar, waɗanda aka ƙaddamar a 2023, sun rage wahalar a birane, sai dai wutarsu waya take bi, ƙauyen da waya ba ta kai ba kuwa dole mai gida ya shiga kasuwa da kuɗinsa ya sayo faifan sola da batir. A wannan kasuwa ne rashin adalcin duniya yake shigowa har tsakar gida. Ma'adinan da ake ƙera kayan da su, da yawansu daga ƙasar Afirka ake tono su a kan farashin danye, a fita da su a sarrafa a wata nahiya, masu kuɗi da masu hukumomin duba inganci su zaɓi na gari, sannan abin da ya rage a loda shi a kwantena zuwa Duwala ko Legas, ya biyo Ngaundere ko Mubi ya iso mana da sabon kwali. Na shafe shekaru ina haɗa sola a gidaje da shaguna da masallatai tsakanin Garwa da Gidar, kuma abin da na gani shi ne talaka yakan sayi wuta ɗaya sau biyu ko sau uku. Ba zan iya gyara farashin kobalt, ma'adinin da ake sa wa wasu batura, daga rumfata ba, amma zan iya nuna wa mai karatu inda ake yankarsa da yadda zai kare wuyansa.

Ka yi lissafi kafin ka taka ƙofar shago

Wanda ya shiga shago ya ce a ba shi solar da za ta ishi gida ya riga ya miƙa wa mai shago wuƙa da nama. Ka zauna da takarda ka rubuta duk abin da kake so ya yi aiki, ka duba ƙarfinsa na wat da ke rubuce a jikinsa, ka ninka da awannin da zai yi yana aiki a kwana ɗaya. A ce kana da ƙwai huɗu masu wat 5 da za su yi awa biyar, wannan ɗari ke nan. Fanka mai wat 20 ta awa takwas ta ci 160, talabijin mai wat 40 na awa huɗu ya ci wani 160, cajin waya huɗu kuma kamar 40. Jimilla 460. Ka ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda wutar da take salwanta a waya da batir, sai ka tashi da kusan 600. A yankinmu ana samun kamar awa biyar na cikakkiyar rana, saboda haka idan ka raba 600 gida biyar za ka ga faifai mai wat 120 kake bukata a kan takarda.

A kan rufi kuwa labarin ya sha bamban, domin wat ɗin da aka rubuta an auna shi ne faifan yana da zafin digiri 25, alhali a watan Afrilu jikin faifai yakan wuce digiri 60, kuma kowane digiri guda yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Idan ka haɗa da ƙurar hunturu, hankali shi ne ka sayi mai wat 150 zuwa 200. Firij da dutsen guga da injin jan ruwa lissafinsu daban ne, kada wani ya ce maka wannan ƙaramin haɗi zai ɗauke su.

Faifai

Faifan sola shi ne abin da ya fi kowane arha a yanzu idan aka kwatanta da da, domin farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, kuma ƙasar Sin ce take ƙera fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da ake sayarwa. Ma'anar wannan a gare ka ita ce babu hujjar sayen tsohon faifai da aka cire daga rufin wani a Turai, wanda ya riga ya ba da ƙuruciyarsa a can, aka turo mana tsufansa don a huta da kuɗin zubar da shi. Za ka gane shi da launin da ya koma ruwan ƙasa, da fatar bayansa da ta yi rawaya ko ta tsattsage, da tabon ƙonewa a wasu gidajen gilashin, da ramukan ƙusa a jikin firam. Shi kansa firam ɗin na alminiyam ne, wanda ake narkawa daga jar ƙasar boksit irin wadda Gini take fitarwa jirgi-jirgi zuwa Sin, irin wadda take kwance a Minim-Martap cikin jihar Adamawa ta Kamaru. Ban ga dalilin da zai sa wanda ƙasarsa ta ba da danye ya karɓi kwance ba.

Sabon faifai ma yana iya zuwa da takardar ƙarya a bayansa, kuma awon tef kaɗai ya isa ya tona asiri. Faifan zamani yana ba da kimanin wat 200 a kowace mita ɗaya murabba'i. Ka auna tsawo da faɗi ka ninka. Idan an rubuta wat 300 a kan faifan da tsawonsa mita 1.2 ne faɗinsa santimita 67, to da ƙyar zai wuce wat 160, sauran kuma tawada ce aka sayar maka. Bayan tef, ka roƙi mai shago a fitar da faifan waje da tsakar rana, a fuskantar da shi ga ranar, a sa mitar awon wuta a wayoyinsa biyu. A bayan faifan akwai lambobi biyu, ɗaya an rubuta Voc ɗaya Isc. Na farko bolt ne, kuma idan ya ragu da kamar kashi ɗaya cikin goma saboda zafi babu laifi. Na biyu amfiya ne, shi ne mai faɗin gaskiya, domin ruɓaɓɓen faifai ma yakan nuna bolt mai kyau amma ya kasa kawo amfiya. Idan sama a washe take kuma abin da mita ta nuna bai kai kashi 80 cikin ɗari na rubutun ba, ka ajiye shi. Ka lura dai cewa yawancin ƙananan mitoci amfiya 10 suke ɗauka, kada a gwada babban faifai da su. Mai shagon da ya ƙi a gwada kayansa a rana ya riga ya ba ka amsa.

Batir, inda kuɗin yake nutsewa

A nan zan daɗe, domin faifai nagari yana iya shekara ashirin, batir kuwa shi ne ake saye ana sake saye har kuɗinsa ya ninka na komai. Shekarun baya na sayo wa mahaifiyata batura biyu masu amfiya 200 a wani shago, kwalinsu sabo fil, na haɗa mata a ƙauye kafin azumi don ta samu fanka da daddare. Wata huɗu bai cika ba, fanka ta fara tsayawa kafin sahur. Da na je, sai na tarar da ita a tsakar gida da mafici, ta ce mini, "Ɗan nan, kada ka wahalar da kanka, a ɗauko mini aci-balbal ɗina, ai mun saba." Wannan magana ta tsaya mini a ƙirji. Na ɗora baturan a sikelin mai sayen gyaɗa, kowanne ya ba da kilo 41, alhali batirin dalma mai amfiya 200 na gaskiya yana kai kilo 55 zuwa 60. Na mayar da su na ce, "Alhaji, kayan nan ko wata huɗu ba su yi ba." Ya ce, "Malam, ai ranar da ka ɗauka suna kawo wuta, zafin garinku ne ya cinye su." Ba ni da rasit mai lambar kaya, ba ni da garanti a rubuce, saboda haka ba ni da bakin magana.

Daga ranar ban sake sayen batir ba sai na ɗora shi a sikeli. Ƙarfin batirin dalma yana cikin dalmar da ke cikinsa, dalma kuwa nauyi gare ta, don haka mai amfiya 100 ya kamata ya kusanci kilo 30. Ka duba ranar da aka ƙera shi, domin wanda ya shekara a sito ba caji ya fara mutuwa tun kafin ya zo hannunka. Ka sa mita a kansa, cikakke yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.8. Ka dubi ƙahonninsa da kyau, idan akwai shaidar an taɓa ɗaure su da ƙusa ko an goge su da yashi, tsoho ne aka yi wa wanka. Kada kuma ka yarda da batirin mota, wanda aka ƙera don ya ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙu kaɗan, ba don a tatse shi dare guda ba.

Abu biyu ne suke kashe batirin dalma a yankinmu. Na farko tatsewa: idan ana cin fiye da rabin wutarsa kullum, kwanansa kaɗan ne, shi ya sa gidan da muka yi wa lissafi, wanda yake cin kusan amfiya 40 da dare, yake bukatar mai amfiya 100. Na biyu zafi: kowane ƙarin digiri goma a kan 25 yana raba tsawon ransa kusan gida biyu. Shekarun da aka rubuta a kwali na ƙasashen sanyi ne. Saboda haka ka nema masa wuri mafi sanyi a gidan, kuma a nan ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin bulo mai rufin kwano nesa ba kusa ba. Ka ɗora shi a kan katako inda iska take ratsawa, ba a ɗakin kwana ba, ba kusa da murhu ba.

Idan hali ya kai, batirin litiyam ya fi, amma litiyam iri-iri ne, kuma zaɓinka a nan yana da nasaba da rayuwar wasu talakawa a wata ƙasa. Yawancin baturan waya da kwamfuta da motocin lantarki da dama suna ɗauke da kobalt, wanda kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da duniya take samu daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa, musamman yankin Kolwezi. Wani ɓangare nasa mutane ne suke haƙawa da hannu a ramuka marasa tokara. Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2014 cewa yara kusan 40,000 suna aiki a ma'adinan kudancin ƙasar, kuma a 2016 ƙungiyar Amnesty International ta bi sawun wannan kobalt har zuwa manyan kamfanonin duniya. Ana tace mafi yawansa a Sin, ribar tana tsayawa inda ake ƙera batir da mota, mai haƙa kuma yana kwana a duhu kamar mu. Nau'in da za ka nema shi ne wanda aka rubuta wa LiFePO4, ko LFP a taƙaice. Babu kobalt a cikinsa, ya fi jure zafi, bai cika kamawa da wuta ba, ana iya cin kashi 80 cikin ɗari na wutarsa kullum, kuma yana ɗaukar caji sau dubbai. Mai amfiya 50 ya ishi gidan misalinmu. Mai amfiya 100 na gaskiya yana da nauyin kilo 11 zuwa 13.

Shi ma akwai inda ake cuta. Ana tattara ƙwayoyin batir da suka faɗi a gwajin masana'anta, ko waɗanda aka kwance daga tsofaffin motoci da kekunan lantarki, a jera su a sabon akwati a turo. Daga waje ba za ka gane ba, don haka gwajin dare ɗaya shi ne mafita: ka yi yarjejeniya da mai shago cewa za ka cika shi da caji, ka ɗora masa kaya mai ƙarfin da ka sani, ka ƙirga awanni. Mai amfiya 100 yana riƙe da kusan wat 1,280 na awa guda, ke nan ya kamata ya riƙe kayan wat 100 fiye da awa goma. Idan ya mutu a awa shida, rabin batir aka sayar maka. Ka tabbata kuma yana da na'urar kariya ta ciki da ake rubuta wa BMS. Wajen kwatanta farashi kada ka tsaya a kuɗin yau, ka raba kuɗin kowanne da shekarun da zai yi, ka tuna cewa a zafinmu na sha ganin na dalma ya gaza kafin shekara biyu.

Waya da kwantirola da ɗorawa

Jan ƙarfe ya yi tsada a duniya, kuma ɗaya daga dalilan shi ne motocin lantarki da tashoshin sola da na iska suna cinsa da yawa, ana kwasarsa daga Zambiya da Kongo da Chile. Abin da ya iso mana sau da yawa alminiyam ne aka yi wa fentin jan ƙarfe. Ka feɗe bakin wayar ka kankare siliƙi ɗaya da wuƙa, idan cikinsa fari ne ka bar ta, domin tana zafi tana cin wutarka, wani lokaci ta ci rufin gida. A haɗin bolt 12 siririyar waya asara ce, ka sa mai kauri kuma ka gajarta tazarar faifai da batir. Ka sa fis kusa da ƙahon batir mai alamar tarawa. Kwantirola, wato na'urar da take daidaita cajin da faifai yake tura wa batir, iri biyu ce, PWM mai arha wadda ta ishi ƙaramin haɗi, da MPPT wadda ta fi tatso wuta daga faifai, kuma ta gaskiyar tana da nauyi a hannu saboda naɗin wayar da ke cikinta, saɓanin ta jabu da ba ta da komai sai rubutu. A wajen haɗawa batir ake fara jona wa kwantirola, sannan faifai.

Garwa tana kan digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, Marwa kusan 11, Injamena 12, saboda haka faifai kudu zai fuskanta da ɗan karkata na digiri 10 zuwa 15, a bar tazara tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa. Inuwar reshen darbejiya guda a kusurwa tana iya rage wutar faifan gaba ɗaya. Da hunturu a goge shi aƙalla sau ɗaya a mako, da sassafe kafin ya yi zafi, da ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi.

Biya kaɗan-kaɗan

Yanzu akwai masu kawo sola har ƙofar gida a ce ka ba da kafin alƙalami, sauran ka riƙa turawa ta waya kullum ko mako-mako, idan ka yi jinkiri na'urar ta kulle kanta daga nesa. Ban ce duk zamba ba ce, domin gidaje da yawa ta wannan hanya suka fara ganin haske, kuma wasu kayan nasu sun fi na kasuwa inganci. Amma ka san cewa su ma bashi suka ciwo, kuma kuɗin ruwan da ake ɗora wa ayyukan makamashi a Afirka ya ninka na ƙasashe masu arziki sau biyu zuwa uku. Nahiyar da take da kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen duniya kashi 2 cikin ɗari kawai take samu na jarin da ake zubawa a makamashi mai tsabta. Dala biliyan 100 a shekara da ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa alkawari don tunkarar sauyin yanayi a taron Kopenhagen na 2009 ba ta cika ba sai 2022, kuma mafi yawanta rance ce. Hayaƙin da Afirka take fitarwa bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba, amma ambaliyar 2024 da ta shanye unguwanni a Yagwa, ta kashe fiye da mutum 500 a Cadi, a kanmu ta sauka. Wannan tsadar bashi tana gangarowa daga banki zuwa kamfani, daga kamfani zuwa sefa ɗari huɗu da ake cire maka kowace safiya.

Saboda haka ka yi ninki kafin ka sa hannu. A ce kayan kuɗin hannu sefa 150,000 ne, aka ce ka ba da 25,000 sannan 400 kullum har shekara biyu. Kwana 730 sau 400 ya ba da 292,000, ka haɗa da na farko ya zama 317,000, ke nan fiye da ninki biyu. Ka nemi a rubuta maka jimillar kuɗin da ranar da za ka gama, kuma kada jimillar ta ƙaru saboda jinkiri, wanda ko ta fuskar addini wannan shi ne abin da malamai suke dubawa a cinikin bashi. Ka tambaya kwana nawa za a yi maka haƙuri kafin a kulle, da ko za a ƙwace kayan, da makomar abin da ka riga ka biya idan aka ƙwace. Ka tambaya wa zai sauya batir idan ya mutu kana tsakiyar biya, da ko na'urar za ta buɗe har abada bayan ka gama, da ko za ta karɓi ƙwai da fanka na kasuwa ko sai nasu. Manomi ya nemi a daidaita biyan da kaka, lokacin da auduga da albasa da gyaɗa suke kawo kuɗi, domin biyan kullum a watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, shi ne yake jefa mutane cikin duhu bayan sun biya rabi.

Hanyar da na fi ba da shawara ita ce wadda iyayenmu mata suka riga mu sani, wato adashe. Gida goma su riƙa zuba 15,000 a wata, kowane wata gida ɗaya ya ɗauki 150,000 ya haɗa nasa da kuɗin hannu. Mai shagon da ya san mutum goma ne a bayanka zai rage farashi, zai yarda a gwada kaya, kuma ba zai ce zafin garinku ne ya cinye ba, domin ya san ciniki tara ne zai rasa. Ko ta wace hanya ka saya, kada ka fita ba rasit mai ɗauke da sunan kaya da lambarsa da kwanan wata da tsawon garanti da hatimin shago. Ga ƙananan haɗe-haɗe da suke zuwa a kwali ɗaya, akwai tsarin gwajin inganci mai suna VeraSol, wanda ya gaji aikin gwajin inganci na shirin Lighting Global na Bankin Duniya, kuma ana iya duba sunan kaya a jerinsu ta intanet kafin a biya.

Idan batir ya mutu

Wannan shi ne ɓangaren da masu talla ba sa ambatawa. A Turai doka ta ɗora wa mai ƙerawa da mai sayarwa nauyin karɓar mataccen batir, mu kuwa ana sauke mana kaya a bar mu da gawarsu, duk da yarjejeniyar Bamako ta 1991 da ƙasashen Afirka suka ƙulla don hana shigo da shara mai guba. Dalma tana da kuɗi, shi ya sa 'yan gwangwan suke bi gida-gida suna saye, wasu kuma su fasa da gatari a bayan gida, su zubar da ruwan a ƙasa, su narka dalmar a kan garwashi inda yara suke wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira mara lahani, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi cutuwa. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda wannan sana'a ta fasa batir. Mu Hausawa kuma ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara aƙalla 400. Gubar ɗaya ce, ko daga dutse ta fito ko daga batir.

Kada ka fasa shi, kada ka tsiyaye ruwansa don ya yi sauƙin ɗauka, kada kuma a mayar da kwanson mazubin ruwan kaji ko kujerar tsakar gida. Ka ajiye shi a tsaye, murfinsa a rufe, a inuwa, nesa da rijiya da rumbu da hannun yara. Mafi kyau shi ne tun ranar saye ka sa a rubuta a rasit cewa mai shago zai karɓi tsohon ya rage maka kuɗin sabo, kuma idan adashe kuka yi ku sa wannan cikin sharaɗin cinikin gaba ɗaya. Idan dole ka sayar wa mai gwangwan, ka zaɓi wanda yake loda su ɗungurungum zuwa masana'anta, ba mai fasawa a cikin unguwa ba, ko da ɗayan ya fi shi tayi. Idan ruwan batir ya zube a ƙasa, a barbaɗa masa kanwa ko toka a kwashe ƙasar wurin, idan ya taɓa fata ko ido a wanke da ruwa mai yawa na tsawon lokaci sannan a nufi asibiti. Batirin litiyam da ya kumbura ko ya fara wari a fitar da shi waje a ɗora a kan yashi, kada a huda shi, kada a jefa shi a wutar bola.

Idan akwai mai narka dalma a unguwarku, ku kai maganar ga mai unguwa ko lawan tun kafin ta zama jinya, a nema masa wuri nesa da gidaje. Yaron da yake zaune kusa da irin wannan wuri, aka ga yana yawan ciwon ciki da amai da kasala, ko ya fara jijjiga ba tare da zazzaɓi ba, a kai shi asibiti da gaggawa, kuma a faɗa wa likita tun daga bakin ƙofa cewa ana fasa batir kusa da gidansu, domin ba kowane ma'aikacin lafiya ne zai kawo dalma a ransa ba idan ba a ambata masa ba.